Zobban Roba Goma Sha Biyu na Hambali

A'a, ku dakata. Hambali bai faɗi jarrabawa ba, kuma ba shantakewa ya yi a Malesiya ba kamar yadda kuke ta turawa a guruf. Masu cewa taurari ya zo ƙirgawa ma ba su san me yake karanta ba. Roba yake karanta. Roba dai, irin ta bakin murfin kular abinci.

Kumbon da ake so ya kai mutane gaba da wata, akwai zoben roba kewaye da ƙofarsa. In sanyin can ya ƙandarar da zoben ya tsage, iska ta fice, na ciki sun gama yawo. Shi ya sa ba a saka ɗan Adam sai an gwada. Aikin digirin Hambali na uku ke nan a wata jami'a nan KL, babban birnin ƙasar: zobba goma sha biyu na robar ƙasar nan, cikin firiza mai azabar sanyi, kwana ɗari huɗu a jere. Kullum a duba awo a rubuta. Suka ɗumama ko na awa ɗaya, gwaji ya ɓaci, sai a koma ranar farko.

Daga unguwar Cheras yake shiga jirgin ƙasan MRT kowace safiya, har ranar Sallah, da babbar rigarsa. Josiah, ɗan Kafanchan da suke gida ɗaya, angon firiza yake ce masa, yana tambayar ko amarya ta tashi lafiya. Mahaifiyarsa Ɗelu kuwa, in ta kira daga Gombe, tambayarta ɗaya ce: robar nan har yanzu ba ta daskare ba ne, ka dawo gida? Sai ya yi dariya ya ce saura kaɗan, Inna.

Ranar kwana na ɗari uku da sha ɗaya aka kulle gari saboda korona, cikin Maris na 2020. Ya je bakin get da takardar farfesansa a hannu. Mai gadin, wani tsoho da suke shan shayi tare a shagon mamak, ya duba jerin waɗanda aka yarda su shiga, ya sake dubawa. Babu ɗalibi baƙo ko ɗaya.

"Tak boleh lah, Hambali, ba zai yiwu ba. Ka koma gida."

Farfesa ya kwantar masa da hankali a waya, ya ce firiza na kunne, na'ura na ajiye awo da kanta. Hambali ya yarda. Ya zauna a ɗaki yana ƙirga kwanaki, har ya daka wa Josiah sakwara ranar da lissafi ya ce ɗari huɗu ta cika.

Da aka bar shi ya shiga, wajen firizar fili ne, sai shatin ƙafafunta a ƙasa. Tun sati na biyu da kulle gari aka ara wa wani asibiti ita don ajiye samfurin masu korona. Zobbansa na kan tebur cikin robar tapau, irin ta sayo abinci, an rubuta sunansa da kyau a murfi. Ya ɗauki ɗaya ya matsa da yatsa. Laushi, lafiya ƙalau, ba tsaga. Abin da ya fi ci masa rai ke nan: wataƙila robar ta ci gwajin, amma ba mai iya sani.

Bai zagi kowa ba. Ya ce masu ciwo sun fi zobe. Abin da ya roƙa kawai a ba shi dama ya fara daga ɗaya. Aka ce firiza ba ta dawo ba. Bayan shekara aka ce yanzu rigakafi ke ciki. Sannan sashe ya rubuta a rahoto cewa ɗalibi bai kammala tattara bayanai ba, ba a ambaci firiza ko sau ɗaya ba. Da wannan rahoton ba a sabunta biza.

Yanzu ya daina fita ko makan, wato cin abinci. Yana kwance yana kallon bidiyon yadda Amurkawa ke jijjiga nasu kumbon, suna gasa shi, suna daskarar da shi. Josiah ya daina tsokanarsa. Da Inna Ɗelu ta kira shekaranjiya, cewa ya yi ta fara share masa ɗaki.

Ranar Alhamis kwamiti zai zauna kan ƙorafinsa, shi ne zama na ƙarshe. Sun ce yana da 'yancin kawo shaidu. Ku nawa ne a benen kwanan ɗalibai na cikin jami'a kuka ga an tura firizar zuwa mota? Ku da kuka ɗauki hoto kuka sa a sitatus? Mutum ɗaya ya rubuta takarda, Josiah, shi da ba sashensu ɗaya ba, ba ma ya wurin ranar. Sauran kowa na lallaɓa tasa bizar, ana cewa Allah ya kyauta.

Hambali ya riga ya cire rai, ko farar rigar zuwa gaban kwamitin bai goge ba. Layi uku ake nema: sunanka, ranar da ka gani, abin da ka gani. Ku rubuta kafin Alhamis, ko ku fito nan cikin guruf ku faɗa mana dalilin shirunku.