Alƙur'anin Alhaji a Kan Fiyanon Ɗiyata

A gidana na Saint-Denis, a nan ƙasar Turawa, komai da lokacinsa. Maigida yana aikin dare a kasuwar Rungis, don haka da safe ba a motsi sai ya tashi. Bayan azahar a ci abinci. Daga nan ɗiyata ta zauna gaban fiyano har dab da magariba, ta rufe shi, ta mayar da zanen da nake lulluɓe shi da shi saboda datti.

Fiyanon tsoho ne, a tsaye kamar kabad. Wata tsohuwar Bafaranshiya da na yi wa aiki ce ta bar mana, haɗe da kwalin takardun kiɗa da suka yi ja. Malamar ɗiyata ta ce kiɗa ne na ƙarni na sha tara, zamanin sarauniyar Ingila da ta daɗe kan mulki, an tsara shi don 'yan mata su buga wa baƙi a falo. Waɗanda suka rubuta, har da mata, yawanci an manta da su. Ɗaya daga ciki ɗiyata ta zaɓa don jarrabawar shiga makarantar kiɗa a Lyon. Akwai wani wuri da hannun hagu yake tsallake na dama. Nan take tuntuɓe kullum.

Jarrabawa ta kusa sai yayan maigida, Alhaji, ya iso daga Zinder neman maganin ido. Aka gaisa har aka gaji. Ya buɗe jaka, ya fito da Alƙur'aninsa cikin gafaka, ya duba falon yana neman wuri mafi tsayi, ya ɗora shi bisa zanen da ya lulluɓe fiyanon.

Ba a kiɗa a ƙarƙashin Alƙur'ani. Wannan ko ɗiyata ba sai an faɗa mata ba.

Na tsare maigida a kicin. Ya ce, "Ni in ce wa yayana ya ɗauke Littafi don a yi kiɗa? Ke faɗa masa."

"Yayanka ne."

"Shi ya sa."

Ɗiyata ta ce in ya tafi asibiti za ta yi alwala ta ɗauke, ta mayar kafin ya dawo. Na hana. Ba a taɓa kayan babba a bayan idonsa, kuma gidana ba gidan ɓoye-ɓoye ba ne. Kullum da asuba Alhaji ya sauke ya yi karatu, ya mayar wurin. Ita kuwa sai ta koma buga yatsu a kan tebur, ba sauti, hagu yana tsallake dama. Wata rana ya ƙura mata ido ya ce, "Hannun nan lafiya?" Ta ce lafiya lau, ta shige ɗaki. Na ji kukanta.

Washegari na tsara abin. Da farko na ba Alhaji shayi. Na biyu na tura ɗiyata kicin. Na uku na durƙusa na ce, "Yaya, akwai magana." Na ɗage bakin zanen, na buɗe murfin, farare da baƙaƙen maɓallai suka bayyana. Ya matso da fuska saboda idon.

"Tun da na zo?"

"Tun da ka zo."

"Kuka yi shiru, kuka bar ni ina ɗora Littafi a kan kayan kiɗa?"

Ya yi bismillah ya sauke shi, ya rungume a ƙirji, ya ce a kira yarinyar. Ta zo ta durƙusa.

"Me ake faɗa a waƙar?"

"Ba magana, Baba."

"Su wa suke rawa?"

"Ba a rawa. Zama ake a saurara."

"Ba waƙa, ba rawa. To kiɗan me ke nan? Turawa dai."

Ba ta yi dariya ba, ni ma haka. Sannan ya ce in share masa saman kabad na ɗakin da yake kwana. Na share, ya ɗora, ya ja ƙofa. Ya sa hula ya ce zai tafi masallaci, akwai tsofaffin Maraɗi da yake son zama da su, sai magariba.

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Amma kullum bayan abinci haka yake sa hula ya fita, ko ana ruwa, ɗiyata kuma ta zauna gaban fiyano.

Ni na raka ta Lyon a jirgin ƙasa. Aka bar ni a baranda, ƙofa rufe. Na san kiɗan daga farko har ƙarshe, ina bin sa, jakarta a cinyata. Da ta zo wurin tsallaken nan na runtse ido. Ta wuce. Daga baya suka karɓe ta.

Amma ranar da muka dawo ba mu san haka ba tukuna. Alhaji yana zaune da bandeji a ido ɗaya. Ya amsa gaisuwa, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya. Sai da ta juya za ta shiga ɗaki ya ce, "Ke. Hagun ya tsallake?"

Ta ce, "Ya tsallake, Baba."

Ya ce a zubo masa shayi.