Bakan Inna a Ƙofar Kafin Hausa

Haɗeja, Talata da asuba

Ana idar da salla na ɗaura wa jaki kaya: dutsen gurjin auduga, ƙarfensa, da bakan shiɓa na Inna, wanda ta gada wurin uwarta. Hannunta ya fara rawa, shi ne ta ce in kai wa ƙanwata Hajo da ke aure a Kafin Hausa, tafiyar yini guda. "Kome ya ɓata, ban da bakan nan," in ji ta. Ni kuwa ƙato da gemu, sai na naɗe shi cikin tabarma, kada abokai su gan ni da kayan mata.

Bakin kogi, da hantsi

Kuɗin fito wuri ashirin. Jaki ya yi iyo yana hararata. Mai fito ya ɗaga dutsen ya yi nishi.

"Malam, can babu duwatsu ne?"

"Da akwai, da ka gan ni?"

A hayin kogi na ci gasasshiyar tarwaɗa, na kora da fura.

Kafin Hausa, la'asar sakaliya

Shekarar ana fargabar mahara, ba a shiga gari sai an kwance kaya. Mai tsaron ƙofa, wani dattijo mai haƙori ɗaya, ya warware tabarmata.

"Baka! Ina ka ɓoye kibau?"

"Baba, na shiɓar auduga ne."

"Da gemunka? Gani ya kori ji. Ko ka nuna, ko in karya."

Ya ɗora shi a gwiwa zai karya. Na tuna hannun Inna. Na ce a kawo auduga, sai ga kwando cike, kamar dama jirana yake.

Na durƙusa a bakin ƙofa, na murza ƙarfe kan dutse, gurya, ƙwayar audugar, tana tsalle gefe. Sannan na ɗauki baka ina fizgar tsirkiya cikin audugar har ta tashi ta yi laushi. Tun ina yaro na koya a gindin Inna, shekara ashirin ina musun na iya. Matan da suka dawo daga rijiya suka kewaye ni, wata har da guɗa. Kunya kamar in nutse, amma sai da na ga gindin kwandon.

Hajo ta rungume bakan ta yi kuka. Da na ba ta labari kuma ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Yaya, ai ya san bakan shiɓa sarai. Audugar matarsa ka gyara!"

Gida, Alhamis da azahar

Na yi niyyar kada Inna ta ji. Ina cikin gaisuwa ta miƙo hannun nan mai rawa, ta zaro ɗan farin abu daga gemuna.

"Ashe mutum biyu na bar wa gado."

Na sunkuyar da kai, idona ya cika. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na kuma yafe wa mai haƙori ɗaya.