DVD ɗin da Ya Ramar da Yayana

Jikwoyi

Tun kiran assalatu Yaya Hassana ta tashe ni, sai ka ce Makka za ni ba Bwari ba. Na gaya mata babu mai buɗe shago a kasuwar Wuse kafin hantsi, ta ce in na bari rana ta fito, a Nyanya zan yi azahar. Gaskiyarta ce, shi ya sa ma abin ya fi ba ni haushi.

Ga dalilin tafiyar. Yayanmu Sani tela ne a Jidda, ya daɗe rabonsa da gida. Wata mata ta dawo daga umara, ta kwashi ƙafa ta je ta shaida wa Inna, mahaifiyarmu, wai an ga Sani a asibiti, wai duk ya lalace. Ko gani ta yi ko ji ta yi, oho. Tun ranar Inna ta rage cin abinci. Sani ya kira ta ya rantse lafiyarsa lau, ta ce ita ba ta yarda da waya ba, mara lafiya ma yana iya daurewa ya yi magana. Shi ne ya sa aka ɗauke shi a bidiyo, shi da matarsa da ɗansu, aka zuba a faifai ya aiko ta hannun wani alhaji.

Inna tana wani ƙauye gaba da Bwari kaɗan, a gidan ƙanenta Kawu Idi. Akwai talabijin a gidan, babu abin sa faifai. Namu na Jikwoyi kuwa ya ƙone tun tuni. Sai aka ce Rabi, tunda kin gama makaranta kina zaune, je ki sayo DVD ki kai mata ta ga ɗanta da idonta.

Yaya Hassana ta ƙulle min dubu shida a bakin gyale, ban da kuɗin mota, ta riƙo hannuna a ƙofar gida.

"Saurara. Kada ki kuskura ki sa faifan nan a shago. Sani ya ce a uwar ɗaki aka ɗauka, matarsa ko ɗankwali babu. Ba za a kunna shi gaban gardawan kasuwa ba."

"To ta yaya zan san yana aiki?"

"Su gwada da nasu mana. Ke kullum sai kin yi gardama."

Nyanya

Achaba ya sauke ni a tashar Nyanya gari bai gama wayewa ba, amma na tarar da mutane kamar ana rabon kuɗi. Duk bas ɗin da ta tsaya sai an yi mata rubdugu. Ta uku na samu, bayan na taka ƙafar wani mai kwat da jakar ofis. Ya ce, "Haba 'yan mata!" Na ce masa ya yi haƙuri, amma ban sauka ba.

Daga nan zuwa hawan nan na Kugbo tafiyar kunkuru muka yi. Can gaba akwai shingen sojoji, layi uku ya koma ɗaya. Kwandasta yana rataye a ƙofa yana ta ihun "Wuse, Baja!" alhali ko allura ba inda za a sa a motar. Wata 'yar kasuwa a gefena ta ɗora min buhun kayan miya a cinya ba ko sannu. Ni dai na ƙara ƙanƙame jakar da faifan yake ciki. Tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, sai da rana ta take muka shiga Wuse.

Kasuwar Wuse

Layin masu kayan wuta hayaniyarsa kaɗai ta isa ta sa mutum ciwon kai. Kowane shago da waƙarsa, kowa ya ƙure murya. Shago biyu na shiga aka ambata min farashin da ya sa na fito ba sallama. A na uku wani Inyamuri mai fara'a ya tare ni da Hausarsa ta kasuwa.

"Hajiya, zo ka duba. Nawa ne a hannunka?"

Kuskurena na farko ke nan, na faɗa masa. Nan take ya sauko da wani kwali mai sheƙi daga sama, ya kaɗe masa ƙura da tafin hannu.

"Wannan orijinal ne. Yana cin kowane faifai. Hoto kamar madubi. Sauti kuwa, maƙwabta za su zo su roƙe ka ka rage."

Injin siriri ne, ruwan azurfa, ba shi da nauyi ko kaɗan. Na ɗaga shi da hannu ɗaya na ce, "Oga, anya akwai wani abu a cikinsa?"

"Sabon yayi ne. Na da ne ke nauyi. Kawo faifanka mu gwada."

"A'a. Sa naka."

Ya dube ni, ya yi wani murmushi wanda ban so ba, ya ɗauko faifan katun na yara ya sa. Wasu dabbobin zane suka fito suna tsalle, shuɗi da kore da ruwan hoda, sauti yana fitowa ta wasu manyan lasifikoki da ke bayan kantarsa. Hoto tas. Yanzu ku gaya min, ta ina mutum zai gane ko launin zomon katun daidai ne, ko tsayinsa ya wuce kima? Ni dai ban yi wannan tunanin ba sai da aski ya zo gaban goshi a Bwari. Muka tsaya a dubu biyar da ɗari biyar, ya rubuta rasit, ya ce garanti yana nan.

"Na wata nawa?"

"Ka dawo kawai, ni da kai ba faɗa."

Hanyar Bwari

A tashar Baja na shiga tasi mai zuwa Bwari, huɗu a baya, biyu a gaba. Direban ya ce a sa kwalin a but, na leƙa na ga jarkar manja da taya, na ce a cinyata zai zauna. Ya ce to sai in biya masa kujera. Na ce cinyar tawa ce ko tasa? Fasinjoji suka yi dariya, ya ja mota yana gunaguni.

Bayan Dutse wani ɗan sanda ya tsayar da mu, idonsa ya faɗa kan kwalin.

"Madam, ina rasit?"

Na miƙa masa. Ya juya shi gaba da baya, ya karanta sunan da ke jikin kwalin, ya ce shi bai taɓa jin wannan kamfanin ba. Na ce ni ma yau na fara ji. Ya mayar min, ya ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa mai shiga ɗakin tiyata.

Daga nan hanyar ta yi daɗi, duwatsu da gonakin doya hagu da dama. A tashar Bwari na sayi masara gasasshiya da ruwan leda, na hau achaba zuwa ƙauye. Ana sallame la'asar na isa.

Gidan Kawu Idi

Da na ga Inna sai fushin hanya ya bar ni. Wuyanta duk ya fito. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba ta ce, "Kin zo da shi?"

Labari ya riga ni isowa, matan maƙwabta sun cika falon Kawu. A cikinsu har da Maman Talatu, wata Bagwariya mai sayar da doya, ƙawar Inna, mace mai jiki wadda ita kaɗai ta cinye kujera mai zaman mutum biyu. Babu wuta, Kawu ya tayar da ƙaramin janaretonsa a bakin taga, ya haɗa wayoyin nan uku, ja da fari da rawaya, sannan ya fita waje saboda matar Sani. Na sa faifan. Injin ya yi ta ƙugi yana tunani, har na fara salati a zuci, sannan hoto ya fito.

Ga Yaya Sani zaune a kan kujera. Amma wane Sani! Fuskarsa ta yi tsawo kamar an kama haɓarsa an ja, kafaɗunsa sun tsuke, hannayensa kamar sillen kara. Fatarsa ta yi wani kore-kore, idanunsa sun yi rawaya. Da ya buɗe baki, muryar ta fito siririya tana rawa kamar daga cikin gwangwani, kuma bakin yana riga maganar. Na ƙure sauti, sai shuuu ya ƙaru, ga janareto yana nasa a taga. Abin da muka iya tsinta shi ne, "Inna... lafiya... kada ki damu..."

Wata tsohuwa ta ce, "Wayyo, shawara ce. Dubi idon."

Inna ta matsa har gaban talabijin ta durƙusa. Ta daɗe tana kallo. Sai ta juyo, hawaye yana bin fuskarta.

"Ashe gaskiya matar nan ta faɗa. Kuka haɗa baki kuka ɓoye min. Dubi yadda yarona ya ƙare."

"Inna, wallahi injin ne."

"Inji ne ya cinye masa naman jiki? Rabi, ni za ki mayar yarinya?"

"To dubi matarsa, ita ma ai haka ta fito. Dubi yaron."

"Duk gidan ne ba lafiya!" in ji tsohuwar nan. Da ba don girmanta ba da na faɗa mata magana.

Na ɗauki rimot na shiga danne-danne. Na danna wani abu hoton ya koma baƙi da fari, na sake dannawa ya dawo kore. Na shiga wani wuri duk rubutun ya juye ya koma na Sin, ban kuma san hanyar fita ba. Takardar bayanin da ke cikin kwalin ma da rubutun Sin take. Inna ta koma gefe ta jingina da bango, ta ce a kashe, ta ga abin da za ta gani. Ta ce gobe Kawu ya nemo mai sayen akuyoyinta, a aika wa Sani kuɗin jirgi ya dawo ya mutu a gabanta. Na taso tun asuba don in kwantar mata da hankali, ga shi na ƙara tayar da shi da kuɗinmu.

Ina tsaye ina jin kamar in ɗaga injin in maka da ƙasa, sai idona ya sauka kan Maman Talatu.

"Mama, bikin Talatu da aka yi bara, ba a ɗauki bidiyo ba?"

"An ɗauka. Faifan yana akwati, ban taɓa gani ba ma."

"Don Allah ɗauko shi yanzu."

Ta tafi tana haki ta dawo da shi a naɗe cikin ɗankwali. Na cire na Sani na sa nata. Aka yi ƙugin, aka yi tunanin, sai ga filin biki. Sai ga wata doguwar mata siririya, koriya shar, ta shigo fili tana juyi da ashobi.

Maman Talatu ta ce, "Wace ce wannan ta sa irin zanena?"

Wata ta ƙwala ihu, "Ke ce! Wallahi ke ce, ga wushiryarki nan!"

Falon ya kece da dariya, har Kawu ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Maman Talatu ta miƙe ta je ta tsaya a gefen talabijin ta riƙe ƙugu, tana kallon kanta. "Kai! Rabona da wannan jikin tun kafin in haifi Talatu. Rabi, nawa kika sayi abin nan? Ni zan saya."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta taso a hankali, ta dubi matar da ke cikin gilashi, ta dubi wadda ke tsaye a gabanta, ta sake duban gilashi. Ta buɗe tafukanta ta auna faɗin ta ciki, ta kawo su jikin ƙawarta, ko rabi ba su rufe ba.

"Mayar min da na Sani," ta ce.

Na mayar. Ta auna shi da hannu kamar yadda ta auna waccan, sannan ta ware hannayen daidai yadda lissafinta ya ba ta. Ta tsaya tana kallon faɗin da ke tsakaninsu.

"To in haka ne," ta ce, "ai yaron nan ƙiba ma ya yi. Ji tumbi. Wato yana can yana cin kaji, ni ina nan ina kashe kaina." Ta goge fuska da bakin zane. "Akwai sauran tuwon nan?"

Sau uku aka kalli faifan kafin magariba. Ba wanda ya ji rabin abin da Sani ya ce, kowa ya cike gurbin da abin da ya ga dama. A ɗakin Inna na kwana, ina jin minsharinta.

Komawa

Da safe na naɗe wayoyi zan mayar da injin cikin kwali, don na yi niyyar in bi ta Wuse in ajiye wa mutumin nan kayansa a kan kanta, in ji inda garantin yake. Inna ta ce in na taɓa shi sai ranmu ya ɓaci ni da ita. Maman Talatu ma ta aiko a gaya min za ta kawo 'yan cocinsu kallo ranar Lahadi. Haka na bar shi, aka cika min kwalin da doya.

Ga mai son jin ra'ayina a kan irin wannan DVD mai araha: hotonsa ƙarya ne, sautinsa azaba ne, kuɗinsa kuma ko rabi bai ci ba. In za ku saya, ku tafi da faifan da ke da fuskar wanda kuka sani, wanda za a iya kunnawa gaban kowa, kuma ku ce a cire manyan lasifikokin shago ku ji muryarsa ta gaskiya. Duk wanda ya sa muku katun, ku ɗauki jakarku ku fita.

Na iso Jikwoyi bayan azahar, ƙafafuna sun kumbura, kwalin doya a ka. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Maman Talatu da jikin da Allah ya ba ta. Yaya Hassana ta tare ni a tsakar gida.

"Yaya Inna? Ta gan shi?"

"Ta gan shi. Malmala biyu ta ci."

"Alhamdulillahi! Kin ga, ashe injin mai kyau ne."

Na sauke kwalin a gabanta, na shige ɗaki na rufe ƙofa.