In Sha Allahun da Aka Soke da Jan Biro

Har yau in na ga jan biro a hannun malami sai gabana ya faɗi. Za ka ce abin bai taka kara ya karya ba, amma shi ke mayar da ni gidanmu na unguwar Hajj Yusuf, can tsallaken kogi daga Omdurman, inda muka zauna mu biyu rak, ni da Kakata. Mahaifiyata ta rasu ina goye, Baba kuma ya haye teku zuwa Jidda neman aiki. Gidan shiru, in ban da kukan tantabaru da ƙarar turmin gahawar maƙwabta.

A shekarar da muka fara Turanci, wata ranar zafi, Ustaz, malaminmu na Turanci, ya koya mana yadda ake zancen gobe. Ya ce ka ajiye "will" gaban aiki, shi ke nan ya koma nan gaba. In kuwa ka riga ka ƙulla niyya, sai ka ce "going to". Ya sa kowa ya rubuto abubuwa biyar da za su faru. Ni guda ɗaya ne ya dame ni: Baba zai dawo kafin Babbar Salla.

Kaka na ƙarƙashin rumfa tana suyar kisra mai kama da sinasir, ƙamshin ƙullun dawa ya cika tsakar gida, na fassara mata abin da na rubuta.

"Ina in sha Allahun?" ta ce.

"Turanci ba shi da shi, Kaka."

"Goben ta gidan ubansu ce? Rubuta, 'yar nan."

Mahaifinta da ƙafa ya baro Kano yana cewa zai isa Makka, ga kabarinsa can a Omdurman. Shi ya sa ba ta wasa da gobe. Na rubuta in sha Allahun da Larabci a ƙarshen kowane layi.

Washegari Ustaz ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya soke da jan biro, aji ya fashe da dariya. Kunya ta kama ni sosai. Ranar jarrabawa na rubuta maganar dawowar Baba ba tare da in sha Allah ba, na ci cikakken maki, ban gaya wa Kaka ba.

Salla ta zo. Na wuni bakin titi ina leƙa kowace bas da ta taso daga kasuwar Suk al-Arabi. Baba bai dawo ba, a wannan Sallar ko a wata, wasiƙa ma ta yanke. A zuciyata na yarda ni na tare masa hanya. Kaka ta rasu ban iya faɗa mata ba.

Yanzu ni ke koyar da wannan darasin a Omdurman, kuma yaran unguwarmu Larabci ya fi musu sauƙi a baki kan Hausa. Kwanaki wata yarinya ta rubuta cewa mahaifiyarta za ta warke, ta ƙara in sha Allah ƙarami a gefe. Na ɗaga jan biro, na daɗe ina kallon layin. Sai na rubuta mata amin.