Likita Lukmanu Ya So Ya Cika a Ɗakinsa

Likita Lukmanu Bazazzage ne, ni kuwa Bakano, don haka shekara ashirin da shida muka yi ba mu taɓa gaisawa ba tare da an taɓa kakan wani ba. Shagona na yadi a Bwari yana kallon ƙaramin asibitinsa mai ɗaki uku. A ɗakunan nan ya karɓi haihuwar 'ya'yana huɗu, ya yi wa mazan kaciya, ya ɗinke min ƙafa ran da babur ya watsar da ni, ya cire wa matata haƙori yana ce mata da mijin ta kawo ya cire mata, da ta fi samun sauƙi. Wanda ya kasa tashi kuwa, Likita zai bi shi har gida, ya duba shi, ya cinye tuwon gidan, sannan ya kushe miyar.

'Yarsa Rumasa'u ta gaje shi, ita ma likitar iyali ce a wani asibiti a Jabi. Hawan jini, ciwon suga, damuwar nan da ke cin ma'aikatan ofis, duk ta fi uban sani, shi da bakinsa ya faɗa. Amma haihuwa akwai masu ita a hawa na biyu, ɗinki da nasa mutanen, haƙori sai ka tsallaka titi. Na taɓa kai mata maruru ta miƙo min takarda zuwa wani likitan. Na ce, "'Yata, takardar zan manna a kai?"

Bara ciwon hanta ya kwantar da Likita. Ciki ya dinga tara ruwa yana tokare masa numfashi. Sau biyu aka kai shi babban asibiti aka zuƙe, aka kuma gaya masa abin da ya riga ya sani. Ya dawo gida ya ce ya gama zuwa. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya cika a ɗakinsa, inda matarsa Hajiya Bilkisu ta cika.

Ruwan ya sake taruwa. Wata Asabar da hantsi ina zaune a bakin gadonsa ya kira 'yar.

"Rumasa'u, akwai allura a durowa. Nan za ki soka, gefen hagu. Na yi wa mutum ya fi ɗari a kan tabarma."

"Baba, sau biyu na taɓa yi, tun ina koyon aiki, kuma na'ura na nuna min ciki. In na huda hanji fa?"

"Sai ki ce Bakanon nan ne ya bugi hannunki."

Na ce ni ba na matsowa kusa, kada Bazazzage ya fashe a kaina. Ba wanda ya yi dariya, har ni.

Ta wanke hannu, ta sa safar hannu, ta durƙusa tana lalubar wurin da ya nuna. Ta ɗauki allurar ta kai ta gefen cikinsa. Can ta ajiye ta.

"Wallahi Baba ba zan iya ba."

Ta fita tsakar gida ta kira abokan aikinta uku a waya. Duk suka jajanta mata, duk suka ce a kawo shi. Ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka, shi kuma yana jan iska kamar mai hawa dutse. Ya daɗe yana kallonta.

"Kin yi daidai, uwata. Abin da hannu bai saba ba, ba a gwada shi a kan uba. Kawo mota."

Ni na ɗauke shi zuwa motar. Bai waiwayi ɗakin ba.

Ran Talata da la'asar ya rasu a babban asibiti, a gado na bakwai. Rumasa'u tana layin karɓar sakamakon jini, ni ina hanya. Wani manomi daga Yangoji da ke kwance a gadon kusa shi ya laƙƙana masa kalmar shahada. Da muka zo ɗaukar gawar, manomin ya yafito ni.

"Alhaji, wai tsohon nan malamin makaranta ne? Tun da aka kawo shi yake gyara wa yaran likitocin nan riƙon allura."