Lambar da Malam Ya Tsaya Mata

Maƙwabcina ne shekara talatin. Malamin lissafi ne a makarantar firamare, yara suna ce masa Baba Alli, don hannun rigarsa kullum fari.

Wata rana ya rubuta 79,245,433 a allo, ya gaya wa 'yan aji shida cewa mara ce ba cika ba, uku ba ta raba ta, bakwai ba ta raba ta, babu ma abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta. Ashe sufeto yana tsaye a bakin taga. Ya shigo yana dariya, ya ce, "Malam, ka gwada, ko dai ka ji a jikinka?" Yara suka kwashe da dariya. Ba a daɗe ba aka yi wa Malam ritaya. Ban ce saboda haka ba ne.

Daga nan ya sayi littattafan rubutu. Ya ce min ba sai ya gwada kowace lamba ba, sai waɗanda su ma ba sa rabuwa, kuma in ya kai wajen dubu tara ba a samu mai raba ta ba, magana ta ƙare, zai kai wa sufeto har gida. Bayan la'asar yake zama a ƙofar ɗaki, lamba ɗaya a yini, ya raba sau uku don gudun kuskure.

'Yarsa ta ce, "Baba, kawo in sa a waya, yanzu za ka ji."

Ya ce, "Waya aka yi wa dariya?"

Matarsa kuwa takan ce, "Da kaji ka kiwata, da yanzu mun gaji da ƙwai." Amma da yanar ido ta fara rufe masa gani, ita ta riƙa karanto masa, shi yana zana manyan lambobi da gawayi a siminti.

A shekara ta uku ya iso 7,919. Ina wurin. Ya raba, ta fita daidai, 10,007, ko ɗigo bai ragu ba. Ya share da tafin hannu ya sake. Ya ce min, "Ɗan'uwa, duba min." Na ce nima idon nawa sai a hankali.

Bayan kwana biyu ya sa rigarsa ta zuwa aiki, ya ce in raka shi gidan sufeto, gaskiyar mutum a ba shi abarsa. Muka tarar da sufeto a kan tabarma, ya tsufa ƙwarai, jikarsa tana ba shi magani. Malam ya durƙusa ya yi bayani tun daga farko.

Sufeto ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Wace makaranta ka ce?"

Aka kawo mana ruwa, muka sha. A hanya Malam ya ce mu tafi a hankali, ba abin da yake sauri ya je ya yi.