Aulis Kettunen, Mai Gasa Kwamfuta, Ya Tafi

Da hantsin ranar Talata, 11 ga watan Maris, 'yarka Sirkku ta kira ni ta ce ka cika a asibitin Oulu. Ciwon dajin da ka yi ta raina wa wayo tun bara shi ya yi ajalinka. Ina tsaye a ɗakin gwajinmu, fankoki suna ta kuka, na rasa wanda zan gaya wa.

Aulis, kai ka koya mini wannan sana'a. Na zo daga Helsinki, can kudu, da takardar makaranta, ina zaton gwada kwamfuta shi ne a kunna manhaja a rubuta makin da ta ci. Ka ce maki na 'yan talla ne. Aikinmu shi ne mu ɗora wa na'ura kayan da ya fi ƙarfinta, mu bar ta tana nishi har ta nuna halinta, don kada ta nuna shi a gidan wanda ya saya. A tsakiyar hunturu sai ka wangale taga wai kana son ganin yadda za ta yi a sanyi, mu zauna cikin manyan riguna, kofi yana hucewa a hannu. In na yi ƙorafi ka ce, "Kai, 'yan Kudu! Tuovi, ke za a gwada ko injin?" Ni kuma in ce, "Tsoho, in na daskare kai za ka yi wa mijina bayani."

Ba na manta lokacin da na yi ɓari. Ban gaya wa kowa ba, amma ka gane. Ka kawo miyar kifi da Marjatta, matarka, ta dafa, ka ajiye a ƙofata, ka ɗauke aikina duka har na dawo. Ba ka taɓa tayar da maganar ba.

Sai shekarar da wani babban kamfani ya aiko mana da sabon akwatin da ke rarraba wuta a cikin kwamfuta. Masu sharhi duk sun yaba shi. A wurinmu, da ka matsa masa lamba, ya yi tartsatsi ya tashi da hayaƙi. Ka sayo wasu a kanti, su ma haka. Wakilin kamfanin ya zo da fara'a, ya ce ba wanda zai wahalar da na'ura haka a gida. Ka ce masa, "A ɗakin yara ake ajiye ta, malam." Ka wallafa sakamakon a shafinmu na sharhi.

Gaskiyarka ce, daga baya sun janye kayan a ɓoye. Amma daga ranar kamfanoni suka daina aiko mana da kaya, masu talla suka watse. Masu karanta mu kuwa sun koma kallon gajeren bidiyo, inda ake buɗe kwali a yi ihu a ce ya fi na bara. Abokan aikinmu suka tafi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ka riƙe a zuci. Muka rage ni da kai.

Da na je duba ka a asibiti, na ɗauka za ka ce in riƙe wurin. Na ma shirya amsa. Sai ka kama hannuna ka ce, "Ki sayar da kayan, ki nemi aiki. Ba mai karanta mu, Tuovi. Na daɗe da sani, ina jin daɗin zuwa ne kawai." Wannan magana ta fi labarin mutuwarka yi mini ciwo, don ban taɓa jin ka sare ba.

Zan bi maganarka. Mai ginin ya riga ya samu masu son wurin. Ban san wanda zai ƙara gasa na'ura don kare mutanen da bai sani ba. Na duba, ban ga kowa ba, har da ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Marjatta, da Sirkku, da jikokinka. Allah ya ba su haƙurin wannan rashi. Kai kuma Aulis, Allah ya ji ƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutun da ba ka taɓa ba kanka ba. Gobe zan je in kashe fankokin.